Lauyan Gini da Tabarmar Ƙofar Ya'u

Yayana Mahmuda ba ya shiga ɗakin mutane ya zauna kamar kowa. Sai ya yi sallama, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya bi kusurwoyi da ido, sannan ya tuna da gaisuwa. Na sha yi masa faɗa a kan wannan hali. Nakan ce, "Yaya, barka muka zo yi ko aikin duba-gari?" Sai ya yi murmushi ya ce ido ne ya saba.

Lauya ne, amma ba irin waɗanda ake nunawa a talabijin suna kare ɓarayi ba. Shi shari'ar gini ya sani: rigimar mai gida da ɗan kwangila, ta ɗan kwangila da injiniya, wanda ya yi alkawarin gama bene kafin damina ya kasa, wanda aka ce ya sa rodi mai kauri ya sa siriri. In ka ambaci Barista Mahmuda Hashim a cikin 'yan kwangilar Ibadan, sun san shi. A nan Sabo kuwa, unguwarmu ta Hausawa, Mudi ne, ɗan marigayi Malam Hashim mai goro, yayan Sakinatu mai awara. Ni ce Sakinatun, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidan aurena da gidanmu na gado inda yake zaune.

A Sabo aka haife mu, a nan aka haifi babanmu. Mudi ya tashi tare da wani abokinsa Ya'u, tun suna yawo ba wando. Makarantar allo ɗaya, firamare ɗaya, in an yi hutu kuma su tafi Bodija wurin masu gini suna ɗaukar kankare a kwanon sarki. Ya'u ya ga cokalin birkila ya yi masa, ya zauna a nan har ya zama babban magini, rabin gidajen layinmu hannunsa ne. Mudi ya bi boko har jami'a ya karanta shari'a. Da ya gama ya samu aiki a ofishin wani tsohon lauya Bayarabe a Dugbe. A ofishin babu mai son a ba shi shari'ar da ke da zanen gini a ciki, kowa gudu yake, shi kuwa da ya buɗe zanen sai ya ga abin da ya taɓa ɗauka a ka. Ogan ya lura, ya riƙa tura masa duk wata rigimar siminti, da haka har ya buɗe nasa ofishin.

Yadda yake aiki ma daban ne. A bayan motarsa kullum akwai hular kwano da takalmin roba. Ba ya karɓar shari'a sai ya je ya taka ginin da ƙafarsa, ya hau tsanin katako da kwat ɗinsa, ya zauna a kan bulo ya yi hira da leburori da Yarabanci ko turancin kasuwa, duk wanda ya zo. Yawancin aikinsa ba ya kaiwa gaban alƙali. Zama ake yi a ɗaki, mai gida a nan, ɗan kwangila a can, a yi ta ja har a daidaita. Abin da ya fi so kuma shi ne a kira shi tun kafin a haƙa fandisho, ya rubuta wa kowa abin da ke kansa: wane irin rodi, wa zai duba, in ruwa ya tsai da aiki laifin wa. Ya taɓa ce mini, "Sakina, ni in na yi aikina da kyau, babu abin da ke faruwa. Gini ya tsaya, kowa ya tafi gida." Na ce to wannan wane irin aiki ne da ba mai gani balle ya yaba? Ya ce shi ma yakan tambayi kansa.

Sau ɗaya na ga aikin ya kwantar da shi. Wani bene ya rufta a bayan gari ranar da ake zuba masa dekin, wato rufin kankaren da ake ɗora hawa na sama a kai. Leburori suna ƙasa. Shi ya tsaya wa iyalansu, ya kuma yi nasara, amma ya dawo ya daina cin nama na wani lokaci. Bai ba ni labarin gawa ba. Abin da ya faɗa mini kawai shi ne ya ga silifas ɗinsu a jere a gindin wata bishiyar mangwaro, inda suka cire kafin su fara aiki, kuma har aka gama shari'ar ba wanda ya zo ya ɗauka.

Ya yi aure, ya auri Muhibbat, Bayarabiya 'yar Mokola, mace mai fara'a da ta iya tuwo fiye da wasu Hausawan. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ciwo ya ɗauke ta suna tsakiyar zamansu. Tun daga nan ni nake dafa masa abinci. Maganar sake aure na yi ta har bakina ya gaji, sai ya ce to, ya wuce. Abokan aikinsa duk sun yi gidaje a Bodija da Jericho, unguwannin masu hali, shi ma da ya so da ya yi, amma ya zauna a ɗakuna biyu na babanmu, a layin da mota ba ta shiga sai dai okada. Mutane suna cewa tawali'u ne. Ni da na san shi na san ba tawali'u ba ne, tabarma ce ta riƙe shi.

A ƙofar gidan Ya'u ake ciyayya. Bayan sallar magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma, a jera, kowa ya sa hannu a na kowa. Ya'u, da Nura tela, da wasu tsararrakinsu. Yayana yakan dawo daga ofis ya tuɓe kwat, ya zura wata tsohuwar jallabiya da na sha barazanar ƙonawa, ya leƙo gidana ya ɗauki kwano da kansa ya nufi can. A wurin nan ba wanda ya san wani Barista. Lauyan bulo suke ce masa. Ya'u yakan fizge tsokar nama daga hannunsa ya ce, "Kai da ka ci na Yarabawa da rana." Su yi masa tsiyar sanƙo, su yi masa tsiyar gwauranci, shi kuma ya ce hannun Ya'u shebur ne, loma ɗaya rabin kwano. Daga tsakar gidana nake jiyo dariyarsa. Mutumin da ya wuni ana ce masa oga, ya dawo ɗakin da ba kowa, nan ne kaɗai ake zaginsa, kuma don wannan zagin yake dawowa gida da wuri.

Matsalar ta taso ne daga Islamiyyar layinmu. Ajujuwa ne na ƙasa, tsoffi, yara da safe da yamma, mu matan aure ranakun Asabar da Lahadi. Yara sun yi yawa har ana karatu a baranda. A Sabo kuwa babu fili ko na shanya, wanda duk ya so ƙari sai dai ya yi sama. Dattawa suka yanke a ɗora bene, Ya'u ya ce shi zai ja aikin ba ko sisi. Aka yi shela a masallaci, kaya suka fara zuwa. Wannan ya kawo siminti don mahaifinsa da ya rasu, wancan ya kawo yashi, Alhaji Gambo mai canji ya sa aka sauke rodi da ya rage daga ginin shagunansa, ya ce ladan ga mahaifiyarsa. Mu mata muka ɗauki girkin ranar gayya, ni aka ba shugabanci saboda na fi kowa baki.

To ga inda gizo ke saƙar. A wurinmu kayan da aka kawo don ginin Allah ba a mayar da su, ba a ma ɗaga su a duba. In ka ce rodin wane bai yi ba, ba rodi ka ƙi ba, ladan uwarsa ka tare a kabari. Kowa ya san haka, har da yayana.

Amma ido ya saba. Ya wuce ya ga rodin siriri ne, ya ga simintin da wasu buhunan sun sha damshi sun fara dunƙulewa, ya shiga ajujuwan ya ƙwanƙwasa bango. Ya je ya ɗauko wata injiniya da suke aiki tare, ta zo ta sa aka ɗan tona gindin katangar. Ta ce ginin ba shi da ginshiƙi ko ɗaya, fandishon na hawa ɗaya ne, ita dai ba za ta sa hannu a ɗora masa kankare ba.

Ya fara kai maganar tabarma. A ranar ban jiyo dariya ba, muryar Ya'u na jiyo.

"Mudi, gida nawa na gina a garin nan? Nuna mini wanda ya faɗi."

"Ban ce ba ka iya ba. Ginin ƙasan ba kai ka yi ba, kuma ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. A fasa a tsai da ginshiƙai, ni zan ɗauki nauyin injiniya."

"Sannan in je in ce wa Alhaji Gambo ya zo ya kwashe rodin uwarsa?"

"A yi taga da shi, a yi ƙofa. Kada dai a sa shi a dekin."

"Shi Alhaji a dekin ya ce a sa. Ginin Allah ne, Mudi. Mai shi zai riƙe abinsa."

Ya je wurin dattawa. Suka saurare shi da mutunci, suka yi masa addu'a, suka ce an riga an sa rana, ana so a buɗe kafin azumi, kuma mutane sun ba da kayansu suna jira su gani a sama. Ya je wurin Alhaji Gambo da kansa. Alhaji ya ce in Barista yana da rodin da ya fi nasa ya kawo a haɗa, amma nasa ba zai fita ba. Ya koma wurin dattawa, aka ce masa an ji.

Ana saura 'yan kwanaki ya shigo gidana ina tace waken suya. Ya tsaya a kaina ya ce, "Zan kai maganar ofishin tsara gari."

Na ajiye rariya. Na ce, "Yaya, kanka ɗaya kuwa? Maganar Sabo a Sabo take ƙarewa."

Wannan ba karin magana ba ce, doka ce da muka tarar. Kakanninmu baƙi suka zo aka ba su wurin nan. Rikicin gado, rikicin iyaka, har faɗan da aka fasa kai, a zaure ake kashe shi, ba a kai wa hukuma. Dalili kuwa kowa ya sani ko da ba a faɗa: gidajen unguwar nan kaɗan ne masu cikakkiyar takarda. An ƙara ɗaki nan, an fito da shago can, shekara da shekaru. Wanda ya kira ma'aikaci ya duba gida ɗaya, ya kira shi ya ga layi duka.

Ya ce, "'Ya'yanki mata a ajin ƙasa suke zama."

Na ce, "Sai in cire su."

Ya ce, "Na sauran fa?"

Sai na hau faɗa, don ni in na rasa amsa faɗa nake yi. Na ce masa garin neman gira zai rasa ido. Na ce ya tuna ba shi da mata ba shi da ɗa, mutanen nan su ne nasa, in suka juya masa baya bango zai riƙa yi wa hira. Ya ce ya sani. Wallahi yadda ya faɗi "na sani" ɗin nan har yau yana ci mini rai, don na ga ya riga ya auna abin, ya san farashinsa, ya kuma tafi.

Ranar Juma'a da hantsi, ana gobe gayya, ma'aikata suka zo. An riga an kafa katakai, an ɗaure rodi, mu kuma mun gyara shinkafa, an yanka akuya. Suka duba, suka nemi takardar izini babu, suka zana jan fenti a bangon makaranta suka ce a dakata. Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Amma a hanyarsu ta fita suka duba dama suka duba hagu. Shagon Nura tela ya hau kan kwata, suka shafa masa. Wasu gidaje uku ko huɗu, suka shafa. Suka iso ƙofar Ya'u suka ɗaga kai suka ga ɗakin da ya ɗora a saman soro don babban ɗansa da ke shirin aure, shi ma suka shafa masa.

Ba wanda ya zagi ma'aikatan. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Kafin a sauko daga masallaci kowa ya san wanda ya kai ƙara, don bai ɓoye ba, da sunansa ya sa hannu. Shinkafar gayya muka dafa muka raba gida-gida, mata suna karɓa suna kau da kai kamar ni na aike shi.

Da magariba ya zo ya ɗauki kwanonsa kamar kullum. Na ce ya bari ƙura ta lafa, ya ce in bai je yau ba gobe ma ba zai iya ba. Ba a daɗe ba ya dawo ya miƙo mini. Tun kafin in buɗe na ji nauyin. Sun amsa sallamarsa, sun matsa masa ya zauna, kowa ya ci na kowa, nasa ne kaɗai ba wanda ya sa wa hannu. Shi ma da ya kai hannu kwanon Nura, sai Nura ya ce ya ƙoshi ya rufe. Washegari haka, jibi haka. Daga baya suka mai da cin abincin cikin soron Ya'u suka saki labule, shi kuma ya koma ci a bakin ƙofarsa, yana fuskantar titi, ko wani zai wuce ya ce masa bismilla.

Na yi fushi da su, na yi fushi da shi. Har yau in aka tambaye ni ko ya yi daidai, ba na cewa e kai tsaye. Amma zuciyata ta karye da ganin ƙaton mutum mai furfura yana cin tuwo shi kaɗai yana yi wa masu okada sannu.

Abin da ya biyo baya shi ne aikin da ya fi kowane wahala a rayuwarsa, kuma ba wanda ya sa shi. Ya ɗauki maganar duk gidajen da aka shafa wa fenti. Mazan ba sa yi masa magana, don haka matansu ke zuwa sayen awara da 'yan takardun gida a ƙarƙashin hijabi, su ajiye mini a kan turmi ba tare da sun ce a ba wane ba. Ni in kai masa. Ya yi ta sintiri tsakanin ofisoshi, ya kawo masu awo, ya kawo injiniya, ya rubuta, ya roƙa, ya yi gardama inda gardama za ta yi. Manyan ayyukansa na kuɗi ya bar wa yaran ofis. A hankali aka daidaita gidajen ɗaya bayan ɗaya. Nura ya ja shagonsa baya kaɗan ya tsira. Aka wayi gari mutanen da ba su taɓa riƙe takardar gida ba suna da ita a ƙarƙashin katifa, amma ko ɗaya bai tako ya ce an gode ba.

Ɗakin Ya'u ne ya gagara. A kan tsohuwar katangar ƙasa yake zaune, babu injiniyan da zai sa hannu, kuma yayana ba zai nemi a sa hannun ƙarya ba ko don Ya'u. Aka ba da wa'adi. Ya'u ya ce ba wanda zai rushe masa abin da ya gina, ya ɗauki guduma ya hau da kansa. Ina tsaye a ƙofa na ga Mudi ya fito da tsohuwar jallabiyarsa, ya je ya fara kwashe ɓaraguzan da ke faɗowa yana tarawa gefe. Ya'u ya leƙo daga sama, fuskarsa fari fat da ƙura.

"Barista, matsa kada a ɓata maka kaya."

Tun suna yara bai taɓa kiransa da wannan sunan ba sai ranar. Auren ɗan kuma aka ɗaga, daga baya yaron ya kama haya a Akinyele kusa da kasuwa ya tare can da matarsa, uwarsa tana kuka an raba ta da ɗa.

Makarantar ma an gina ta, bayan damina biyu. An fasa, an tsai da ginshiƙai, an samu izini, rodin Alhaji Gambo ya tafi a tagogi. Ya'u ne ya ja aikin, yayana ya rubuta komai daga nesa. Da aka fasa tsohon bangon, wasu sun ce sun ga fandishon yana marmashewa a hannu, wasu sun rantse sai da aka yi da gaske ya fasu, da an bar shi da ya ɗauki bene biyu. Ni ban gani ba. Gaskiyar ita ce ba wanda zai taɓa sanin ko zai faɗi, tunda ba a ɗora ba. Wanda ya hana abu faruwa ba shi da shaida.

Bayan buɗe makaranta liman ya ce abin ya isa haka. Ya tara su bayan sallar Juma'a ya yi musu nasiha a kan gaba, ya ce haramun ce, ya sa yayana da Ya'u suka yi musabaha a gaban jama'a. Yayana ya shigo gidana yana tafiya kamar an sauke masa buhu. Ya ce in yi tuwon shinkafa miyar taushe, in sa nama da yawa, irin mai ƙashi wanda Ya'u ke so. Ya je aski. Har tsiya ya yi mini a kan gishiri, abin da ya daɗe bai yi ba. Ni ma na saki jiki, na ce Allah ya kawo ƙarshen abin.

Da magariba ya ɗauki kwano ya fita. Ban iya zama ba, na bi shi har soron gidana na tsaya bayan labule ina leƙe. An dawo da tabarmar waje. Ya yi sallama, sai na ga duk sun miƙe tsaye. Nura ya shiga ciki da sauri ya fito da farar kujerar roba, ya goge ta da gefen rigarsa ya ajiye a bakin tabarma. Wani ya kawo ɗan tebur. Ya'u ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya ɗauko faranti da cokali, ya ɗiba masa daga kowane kwano ya ɗora a teburin.

"Bismilla, ranka ya daɗe."

Yayana ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya tattare jallabiya zai zauna a ƙasa. Suka tare shi da hannu, a hankali, da ladabi.

"A'a, Barista, ba za a yi haka ba. Ina mu ina haɗa kwano da kai."

Ya tsaya yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai fara fashewa da dariya. Babu. Ya zauna a kujerar. Suka buɗe tuwona suka ci, suka ce a gaida Sakinatu, miya ta yi daɗi. Aka tambaye shi aiki, aka tambaye shi gajiya. Can ya gwada, ya ce, "Ya'u, har yanzu dai hannun nan shebur ne." Ya'u ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Barista." Ƙashin da na zaɓa don a yi kokawa a kansa, Ya'u ya ɗauka ya ɗora masa a faranti.

Da zagi suka yi masa da na fita, ko me za a ce a ce. Amma wa za ka kai ƙara don ya girmama ɗan'uwanka? Ko liman ba shi da abin cewa. Sun amsa sallama, sun ci abincinsa, sun ba shi wuri mafi kyau. Shi da ya ƙware a gano inda aka karya yarjejeniya, a nan babu inda aka karya.

Ya dawo da kwano wayam. Na yi kamar ban ga komai ba, na ce, "Alhamdu lillahi, yau sun ci."

Ya ce, "Sun ci."

Na kasa daurewa. Na ce ya daina zuwa, ya sayi gida a Bodija ya tafi cikin sa'o'insa, ko ya zauna nan mu riƙa ci tare da yara. Ya ce a Bodija wa ya san sunansa Mudi. Na ce a nan ma ai yanzu ni kaɗai ce. Sai ya ce in tashe shi da asuba yana da zaman sulhu a kan wani otal da aka yi wa rufi yana yoyo.

Yau shekaru ke nan. Aikinsa sai gaba yake yi, har daga Legas ake kiransa, matasan lauyoyi suna zuwa koyon yadda ake rubuta yarjejeniyar gini a wurinsa. A Sabo duk wanda zai ɗora ɗaki yanzu sai ya turo matarsa ta tambaye ni ko Barista zai duba. Yana dubawa, ba ya karɓar komai.

Kuma yana zuwa ciyayya kullum. Tun kafin a kira magariba ake fito da kujerar a goge ta. Ya zauna a sama da farantinsa, su a ƙasa, a yi maganar tsadar siminti da ruwan sama cikin natsuwa. In ya gama ya yi musu sai da safe, su miƙe su raka shi taku biyu. Yana isowa soron gidana don ya ajiye kwano, sai a ji can hira ta ɓarke, Ya'u yana yi wa Nura tsiya, ana dariya har da tari. Nan yake tsayawa bayan ƙofa da kwanon a hannu, yana saurare. A da nakan ce ya shigo, sauro zai cinye shi. Yanzu na daina, sai in rage muryar rediyo don ya ji sosai.